Yadda Ake Riƙon 'Ya'yan Miji da Agola Ba Tare da Gida Ya Hargitse Ba

Tambayoyi uku ne suka fi maimaituwa daga masu karatu. Wata a Rigasa za ta auri mai 'ya'ya huɗu wanda matarsa ta rasu, tana son sanin ta ina za ta fara. Wani a Kawo ya ga bazawara mai 'ya mace, danginsa suna ce masa kada ya jajibo wa kansa agola. Wata kuma sun rabu da miji, ya yi sabon aure, yara suna hannunsa, ganinsu ya zama sai da roƙo. Duk abu ɗaya ne: yaro yana tsakanin gida biyu, manya kuma ba su zauna sun tsara komai ba. A bi matakan nan yadda na jero su, domin yawancin gidajen da na ga sun rikice da horo suka fara, alhali ba a taɓa maganar riƙo da ta kuɗi ba.

1. Zaman gaskiya kafin a sa rana

Auren zawarci a garin nan na Kaduna ba ya ɗaukar lokaci, kuma saurin ne ke sa a tsallake maganar yara. Namiji ya ce, "Ai ɗa na kowa ne, ki taho da su." Mace ta ce, "'Ya'yanka ai nawa ne." Kalamai ne masu daɗi, amma ranar da makaranta ta koro yaro saboda kuɗin zango ba za su amsa komai ba.

Ku zauna ku biyu, sannan ku sake zama a gaban waliyyinta da wani babba daga ɓangarensa, a amsa waɗannan dalla-dalla. Yara nawa ne za su zauna a gidan, kuma dindindin ne ko lokacin hutu kawai? A wane ɗaki za su kwana? Wa zai biya makarantar boko, wa zai biya Islamiyya, wa zai ɗauki asibiti? Mahaifinsu ko mahaifiyarsu da ke waje, yaushe zai riƙa ganinsu, kuma a ina? Idan yaro ya yi babban laifi, wa zai hukunta shi? A rubuta amsoshin a takarda biyu, kowa ya riƙe ɗaya, shaidu su sa hannu. Wasu za su ce wannan rashin yarda ne. Ni dai na fi ganin rashin yarda a gidan da bayan wata shida kowa ke rantsuwa cewa ba haka aka yi da shi ba.

Hattara: kada a ɓoye yawan yara. Akan ba mace shawarar ta bar ɗaya wurin kaka har sai ta zauna da gindinta, akan kuma sami namijin da bai ambaci 'ya'yan da ke wurin tsohuwar matarsa ba sai amarya ta gan su da kaya ranar hutu. Yaron da aka shigo da shi ta bayan gida, a kansa ake huce haushin yaudarar. In kuma kana da uwargida, daga bakinka za ta ji cewa amarya na tafe da yaro, ba daga maƙwabta ba.

2. A san wa ke da riƙo, wa ke da ciyarwa

Al'adarmu ta saba cewa da zarar an yaye yaro ko ya yi wayo, uba ya aiko a ɗauko shi. Kotunan shari'a na Kaduna mazhabar Malikiyya suke bi, kuma hukuncinta ya sha bamban da wannan. Uwa ce ke da haƙƙin riƙo, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Idan uwar ta auri wani wanda ba muharramin yaron ba, a mafi yawan hali riƙon yana fita daga hannunta, amma ba kai tsaye yake komawa wurin uba ba: kaka ta wajen uwa ce gaba, sannan 'yar uwar mahaifiya, kafin a zo ɓangaren uba. Ciyarwa, tufatarwa da magani kuwa a kan uba suke ko a hannun wa yaron yake. Mijin uwa ba dolensa ba ne. Abin da ya yi alheri ne, kuma ya kamata a gode masa a kai.

Me ya sa wannan ya zo a mataki na biyu? Saboda bazawarar da za ta tafi sabon gida da yaro tana bukatar yardar mahaifinsa da ta kakarsa tun kafin biki, in ba haka ba sammaci zai same ta tana amarya. Uban da ya ƙwace yara ya danƙa wa amaryarsa shi ma ya sani ya ɗora mata nauyin da ba ta nema ba, ya kuma sa yaran su ɗauke ta a matsayin wadda ta raba su da uwarsu.

Ga 'yan uwanmu Kirista, irin wannan magana kotun gargajiya take zuwa, ko Babbar Kotu idan auren rajista ne. Jihar Kaduna kuma tana da Dokar Kariya da Walwalar Yara ta 2018, wadda ta sa maslahar yaro a gaba da son ran iyaye.

3. Lissafin kuɗi

Nan ne yawancin faɗa ke tsirowa, ko da an lulluɓe shi da wani dalili. Ɗauki littafi, ka ware wa kowane yaro shafi. Abin da ke zuwa kullum: abinci, kuɗin tara, kuɗin Keke Napep in makaranta da nisa. Abin da ke zuwa duk wata: Islamiyya, sabulu, man shafawa, audugar mata ga 'yan mata. Sau uku a shekara: kuɗin zango. Sau biyu: kayan Sallah, ko na Kirsimeti da Ista. Sai na watan Satumba, wanda ya fi kowane nauyi, lokacin da yunifom, takalmi, jaka da littattafai ke haɗuwa lokaci guda. Ko makarantar gwamnati yaro yake, waɗannan ba sa faɗuwa. A ƙarshe a bar wani abu don zazzaɓin damina. Wanda zai iya ya yi wa yaran rajistar inshorar lafiya ta jiha, KADCHMA.

Da wannan lissafin za a je wurin mahaifin yaro, ba da "ka riƙa kawo wani abu" ba. A yi la'akari da samunsa. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashin jiha, Naira 72,000 da aka amince da shi a 2024, ba za a yanka masa abin da za a yanka wa mai shaguna a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ba. Ƙaramin abu da ke zuwa kowane wata ya fi babban alkawarin da ba a cikawa.

Hanyar da ta fi kawo zaman lafiya ita ce uba ya biya makaranta kai tsaye ta banki ya turo hoton rasit, kuɗin abinci kuma ya shiga asusun uwa ko kaka a rana tsayayya. Ta haka shi ba zai ce ana cinye kuɗinsa a gidan wani ƙato ba, ita ma ba za ta riƙa kiransa kullum a gaban sabon mijinta ba.

Hattara: kada a aiki yaro karɓo kuɗi. Yaron da aka tura ya tsaya a ƙofar gidan ubansa, aka ce masa "je ka ce babu," ya dawo aka zagi uban a gabansa, an yi masa rauni biyu a yini ɗaya.

4. Ranar shigowa

A gabatar da yara tun kafin biki, a gidan kaka ko wani wurin da suka saba, sau biyu ko uku, ba tare da an ce "ga sabon babanku" ba. Kada yaro ya tare tare da amarya a daren farko. A bar shi mako ɗaya ko biyu wurin kaka, a gaya masa ranar da za a zo ɗaukarsa, kuma a cika.

Kafin ya iso a tanadi nasa na kansa: katifa, gidan sauro, akwati ko jakar kaya, kwano da kofi. Ba sai sababbi ba, Kasuwar Bacci ta wadatar. Abin nufi shi ne ya shigo ya tarar an san da zuwansa. Yaron da aka ce "matsa masa ya raɓa" daga daren farko ya san matsayinsa. Haka in ke ce kika shigo gidan da uwar yara ta rasu, kada ki fara da kwashe hotunanta da kwanukanta. Ki tambayi maigidan da babbar 'yarsa abin da suke so a ajiye.

Maganar kira kuwa, a bar yaro ya zaɓa cikin abin da ladabi ya yarda da shi: Anti, Umma, Goggo, Baffa, Kawu, Abba. Kada a tilasta masa ya kira wani da sunan da yake kiran mahaifinsa ko mahaifiyarsa. Kuma maigida ya kafa doka tun ranar: ba mai kiran yaron nan agola a cikin gidan nan, babba ko yaro.

5. Horo: sabon shigowa ya dakata

Wannan ne matakin da na fi so a karanta sau biyu. A watannin farko, hukunci aikin wanda ya haifa ne. Matar uba ko mijin uwa aikinsa ya gina sabo: ya raka makaranta, ya duba aikin gida, ya zauna da yaro ranar da ba shi da lafiya, ya san abincin da ba ya ci. Dokokin gida ku biyu za ku tsara a ɗaki, kamar lokacin dawowa gida, sallah, waya da talabijin, amma mahaifin ne zai sanar da su a gaban kowa, ya ƙara da cewa, "In ba na nan, abin da Antinku ta ce shi na ce." Dalili kuwa a fili yake. Tsawar uwa, yaro ya san akwai ƙauna a bayanta. Tsawar baƙo ba ta da abin da ta jingina da shi tukuna, don haka ƙiyayya yake jin ta.

Muna da abin koyi. Manzon Allah (SAW) ya auri Ummu Salama a shekara ta 4 bayan Hijira tana da marayun Abu Salama. Ɗanta Umar ya ba da labarin cewa yana yaro a ƙarƙashin kulawarsa, hannunsa na yawo a cikin akushi, sai ya ce masa: ya kai yaro, ka ambaci sunan Allah, ka ci da damanka, ka ci abin da ke gabanka. Umar ya ce haka cin abincinsa ya kasance daga ranar. A lura, akushi ɗaya suke ci, gyaran kuma gajere ne, babu gori, babu ambaton cewa abincin wani yake ci.

Wata rana za ki ji, "Ke ba uwata ba ce." Kusan kowane gida irin wannan sai an faɗe ta. Kada ki rama, kada ki yi kuka a gabansa. Ki ce, "Gaskiya ne, kuma ba na neman in maye ta. Amma a gidan nan ana wanke kwano bayan an ci." Da dare ki gaya wa maigidan, "Baban yara, ga abin da ya faru," ba a matsayin ƙara ba.

Shi kuma wanda ya haifa yana da nasa kuskuren, iri biyu. Akwai uwar da ke kare ɗanta ko ya yi laifi ƙarara, har mijin ya zare hannunsa gaba ɗaya. Akwai kuma wadda don ta nuna ba ta son kai, ko don kunyar ɗan fari, take dukan nata fiye da kima a gaban mutanen gida. Yaron nan ba shi da kowa a gidan sai ke. In ke ma kika juya masa baya, titi zai nufa. Uba ma da ke fita tun asuba ya dawo bayan isha'i, kada ya yanke hukunci da jin baki ɗaya.

Hattara: horo da yunwa, kulle yaro a ɗaki, ƙona hannu ko dukan da ke barin tabo ba tarbiyya ba ce. Laifi ne a ƙarƙashin dokar yara da dokar hana cin zarafi ta jiha, dukkansu na 2018, kuma maƙwabcin da ya gani ya yi shiru yana da nasa alhakin.

6. Adalci a abin da ido ke gani

Ba wanda zai tilasta wa zuciya ta so ɗan wani kamar nata, kuma kada ki zargi kanki in hakan bai zo da wuri ba. Abin da ke hannunki shi ne adalci, yara kuma a ƙananan abubuwa suke auna shi: wa aka sa wa nama, wa ake tasa da asuba ya ɗebo ruwa, wa aka kai asibiti wa aka saya wa maganin kemis, wa ake ɗora wa talla wa ke tafiya makaranta. A raba aikin gida da shekaru, a manna jadawalin a bango. Ɗinkin Sallah a kai wa tela ɗaya rana ɗaya.

Matsala takan taso in uban agola mai hali ne, ya aiko masa da keke ko waya, sauran yaran gida ba su da shi, ko kuma akasin haka. Kayan yaro nasa ne, ba a ƙwacewa a raba. Amma ana iya roƙon uban ya riƙa shawara kafin ya aiko babban abu, ko a bar shi can gidansa yaro ya riƙa amfani da shi lokacin hutu.

Sannan kowane mahaifi ya ware ɗan lokaci shi da nasa su kaɗai, ko rakiya ce zuwa masallaci ko kitso. Wannan ba wariya ba ce. Yaron da ya tabbata ba a ƙwace masa uwarsa ba shi ya fi saurin sakin jiki da mijinta.

7. Hulɗa da ɗaya gidan

A tsayar da ranakun ziyara: misali ƙarshen mako biyu a wata, rabin dogon hutu, Ƙaramar Sallah nan Babbar Sallah can, shekara mai zuwa a juya. In gidajen sun yi nisa, ɗaya a Mando ɗaya a Sabon Tasha, a faɗi wa zai kai wa zai dawo da su da wanda zai biya kuɗin mota. Inda kishi ke da ƙarfi, gidan kaka ya zama wurin miƙa yara, ba sai tsohon miji ya zo ƙofar sabon miji ba.

Magana tsakanin tsofaffin ma'aurata ta tsaya kan yara, da rana, kuma da sanin abokin zama na yanzu. Saƙon rubutu ya fi kira, don yana zama shaida kuma yana rage musayar zafafan kalamai. Makaranta ta sami lambar iyaye biyu. Rashin lafiya, canjin makaranta, kaciya, tafiya mai nisa da maganar aure, ba a yanke su sai ɗayan ya sani.

Hattara: kada a mai da yaro ɗan leƙen asiri. "Me suka dafa? Me ta ce a kaina?" Yaro zai gane abin da kike son ji, ya fara ƙirƙiro miki shi. Kuma in ya dawo daga ziyara yana ƙunci ko rashin ji, a ba shi kwana ɗaya ko biyu. Sauya gida ne ke gajiyar da shi, ba lallai zuga shi aka yi ba.

8. Balaga da muharramaka

Mutane da yawa suna kuskure a nan. Matar uba muharramar ɗan mijinta ce. Mijin uwa muharramin 'yar matarsa ne da zarar ya tare da uwar, kamar yadda aya ta 23 ta Suratun Nisa'i ta nuna. Amma ɗan miji da 'yar mata, waɗanda ba su haɗa uwa ko uba ba, ba muharraman juna ba ne, aure ma ya halatta tsakaninsu, sai fa in shayarwa ta haɗa su. Haka ƙannen maigida da ke zaune a gidan, su ma ba muharraman 'yar matarsa ba ne. Saboda haka a raba makwanci tun suna shekara 10, a kula da sutura da keɓewa in sun fara tasawa. In ɗaki biyu ne kawai, samari su koma ɗakin zaure.

Uwa ta saba wa 'yarta da cewa ba abin da za ta faɗa mata ya jawo mata duka. In yarinya ta kawo ƙorafin taɓa jiki a kan kowa a gidan, ko wane ne shi, a fara da yarda da ita da raba ta da wurin, ba da tunanin "aurena zai mutu" ba. Akwai cibiyoyin Salama da ke duba irin wannan, a Asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri da Asibitin Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada.

9. Suna, takardu da gado

Yaro da sunan ubansa ake kiransa, haka aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta yi umarni. Kada mijin uwa, ko da don ƙauna, ya sa sunansa a rajistar makaranta. Ranar da za a haɗa takardar haihuwa, lambar NIN da rajistar JAMB, sunaye su ƙi haɗuwa, yaron ne zai sha yawon kotu yana rantsuwa. Ainihin takardar haihuwa da katin rigakafi su zauna wurin mai riƙo, ɗayan ya riƙe kwafi.

Agola ba ya gadon mijin uwarsa, 'ya'yan miji ba sa gadon matar ubansu. Wanda ya raini yaro har yake son ya bar masa wani abu yana da hanya biyu: wasiyya, wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na dukiya, ko kyauta tun yana raye. Kyautar sai an danƙa ta an karɓa. In fili ne a yi takarda da shaidu a sauya suna a hukumar filaye ta jiha, KADGIS, don "na ba shi" ta fatar baki ba ta tsayawa ranar rabon gado. In kuma marayu ne suka shigo da gadon ubansu, kada a cakuɗa shi da jarin gida. Asusu daban, rubutu daban, a danƙa musu a gaban shaidu in sun mallaki hankalin kansu.

10. In abu ya ƙi ci

A lura da alamu a jikin yaro: fitsarin kwance bayan ya daina, ɓoye abinci, ɗauke-ɗauke, faɗuwa a jarabawa, yawan shiru, gudu zuwa gidan kaka. A fara da zama da shi a waje da gida, a tambayi malamin ajinsa. In ya daɗe, ko yaro ya fara maganar gara ya mutu, a kai shi asibiti. Asibitin Ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da ke Barnawa ba na masu taɓin hankali kaɗai ba ne.

Saɓanin manya kuwa a bi shi daki-daki: dattijo ɗaya daga kowane ɓangare, sannan limami ko fasto da mai unguwa, sannan jami'an walwalar jama'a na ƙaramar hukuma ko ma'aikatar jiha mai kula da mata da yara. In duk bai yi ba, sai kotu, kamar kotun shari'a ta Magajin Gari ko wadda ta fi kusa da ku. A tafi da takardar saki ko shaidar rasuwa, takardun haihuwar yara, rasit na makaranta da asibiti, saƙonnin waya, da takardar nan da aka rubuta a mataki na ɗaya. Wadda ba ta da kuɗin lauya ta nemi ofishin hukumar ba da lauya kyauta, Legal Aid Council, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. A roƙi alƙali ya rubuta adadin kuɗin wata, ranar biya da ranakun ziyara a cikin hukuncin, a kuma karɓi kwafinsa kafin a bar kotu.